Wat Dubu Biyar a Ɗaki Ciki Ɗaya

Na san kun fara murmushi tun kafin ku gama karanta layin farko. Wai a wannan marra da cefane ke neman gagarar mai albashi, wani ya zauna zai koya wa mutanen Gusau yadda ake zaɓen amfilifaya don jin faifan garmaho. Mutumin Tsafe ma ba zai tsaya murmushi ba, kai tsaye zai ce, "Malam, ana ta kai wa ka ta kaya? Mu da ba mu son la'asar ta yi muna sanyi bisa hanya, kai kana zancen hwaihwai?" Gaskiyarka, ɗan'uwa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta rashin tsaro. Sai dai wanda ya shige gida tun kafin magariba ya sa sakata, shi ya fi kowa bukatar abin ɗebe kewa. Kuma in akwai garin da bai kamata ya yi wa faifai dariya ba, to Tsafe ne, garin da Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya kai sunansa ko'ina da waƙar da ya yi wa 'Yandoto.

Samarin Tudun Wada da Sabon Gari su kuma nasu uzurin daban: ai komai na cikin waya. Ɗan memori guda ya haɗiye Shata da Ɗan Maraya da Narambaɗa, har da waƙoƙin Indiya a matsayin ƙari. Haka ne, yara. Amma ku da ba a sake sabon aski a Amurka ba ku ɗauka ba, ya aka yi wannan yayin ya wuce ku? A shekarar 2022 Amurkawa sun sayi faifan garmaho miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan da garmaho ya wuce CD tun 1987. Su kuɗi suke zubawa su sayi sabo. Ku kuwa naku na nan kyauta cikin adakar kakanku, ƙarƙashin tsofaffin rasitan haraji. Gusau garin jirgin ƙasa ne tun ƙarshen shekarun 1920, garin auduga da gyaɗa da kantunan kamfanoni, kuma inda albashi ya zauna, rediyo mai garmaho ba ya nisa. Ku je ku buɗe adakar. In kun ga baƙin faifai mai tambarin EMI da hoton Shata ko Ɗan Maraya a bango, ku dawo mu ci gaba da magana.

To, kun dawo. Ga inda kusan kowane sabon shiga ke faɗuwa. Ya samo na'urar juya faifai, ya jona ta a ramin AUX na hom tiyatar da ke falo, ya murɗa ƙara har ƙarshe, sai ya ji Shata na fitowa siriri kamar kukan sauro. Nan take ya yanke hukunci: faifan ya mutu, ko kuwa mutanen da ba su san daɗi ba. Faifan lafiyarsa lau. Abin da allura ke fitarwa in tana bin layin faifai wuta ce 'yar mitsitsiya, milibolt uku zuwa biyar, alhali na'urar CD na iya turo har bolt biyu. Ramin AUX irin wannan babbar wutar yake jira. Bayan haka akwai wata dabara da masu buga faifai suka daidaita a kanta tun 1954, wadda ake kira tsarin RIAA. Lokacin yanka faifai da gangan ake danne sauti mai kauri, don kada layin ya yi faɗi ya cinye fili, a kuma ɗaga siririn sauti don ya rinjayi shuuu ɗin da roba ke yi. Wurin saurare dole a sami abin da zai warware wannan ƙulli, ya mayar da kaurin, ya sauke siririn, sannan ya ninka ƙarfin kamar sau ɗari. In babu shi, abin da za ka rasa shi ne ganga. Kalangun Shata ya tafi, in kuma ka dace da faifan makaɗan fada, kotso ya tafi. Wa ya taɓa jin Ɗanƙwairo ba kotso ya ce ya ji Ɗanƙwairo?

Saboda haka in ka shiga shago, bar kallon fitilun da ke walƙiya a gaba. Ce wa mai kaya ya juyo maka bayan akwatin. Ramuka biyu kake nema, ja da fari, an rubuta PHONO a kansu, kusa da su da wata 'yar ƙusa mai murɗawa da aka rubuta GND. A nan ake ɗaure siririyar wayar nan da ke lilo a bayan na'urar faifai, wadda yara ke yankewa suna cewa ba ta da aiki, sannan su zo suna tambayar inda gurnanin huuum ya fito. In amfilifayar da kake so ba ta da PHONO, ba a rabu ba tukuna: akwai ɗan akwati da ake sayarwa daban, aikinsa ke nan kawai, a sa shi tsakani. Wasu sababbin na'urorin, irin AT-LP60 na Audio-Technica, da nasu a ciki suke zuwa, da ɗan makunni a baya mai PHONO da LINE. Kada dai zumuɗi ya sa ka kunna na cikin sannan ka sake jonawa a ramin PHONO. Gyara biyu a kan sauti ɗaya, sai ka ji sifika na neman yagewa.

Yanzu ga Alhajin da ke gyara zaman hula yana cewa shi fa ba ya sayen abin da bai kai wat dubu biyar ba, ga shi nan an rubuta ɓaro-ɓaro a kwali. Ranka ya daɗe, a duba mana haruffan da ke biye da lambar. In PMPO ne, wannan kirarin kasuwa ne, kowane kamfani da irin ma'aunin da ya ga dama. A juya bayan akwatin kuma a karanta wutar da yake ja daga bango. Sau da yawa za a ga wat sittin ko tamanin. Akwatin da ya ci sittin, ta ina zai amayo dubu biyar? Lambar da ake kamawa ita ce mai RMS, kuma ga ɗaki ciki da falo, wat ashirin zuwa arba'in a kowane gefe ya ishe ka har maƙwabci ya aiko yaro. Ninka wat sau biyu desibel uku kacal yake ƙarawa, ɗan motsi ne a kunne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Abin da ya fi dacewa Alhaji ya duba shi ne om: in amfilifaya ta ce 8, a ba ta sifika mai 8. Kada a jera mata sifiku huɗu a waya ɗaya don ana suna a gida, zafi za ta yi ta ƙone.

Kawuna na Bunguɗu ya yi shiru tun ɗazu, na san lissafi yake yi, yana auna kuɗin da kan tumaki. Ga shi ya samo mafita: "Yo ba ga tsohuwar Ahuja ta masallacin unguwa ba, tun da anka sawo sabuwa tana nan aje?" Kawu, a bar wa ladan kayansa. Wannan amfilifaya gwana ce a aikinta, wato ɗaukar murya daga makirfo ta jefa ta cikin ƙaho har a ji a bayan gari. Amma hanya ɗaya take da ita, faifan sitiriyo kuwa hagu da dama yake, kuma ba domin allura aka ƙera ta ba. Ƙasar da ta haifi Salihu Jankiɗi a Rawayya, har ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ai ba a kawo mata kiɗa ta bakin ƙaho ba. In kuma Malam liman ne ke harara ta daga gefe, to Allah gafarta Malam, faifai bai san kiɗa kaɗai ba. Cikakken karatun Alƙur'ani na farko da aka naɗa, na Shaihu Mahmud Khalil al-Husari a Masar a 1961, a faifan garmaho ya zaga duniya.

Ni dai in an tambaye ni, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ta hannu. Pioneer, Sansui, Kenwood, Technics, Akai, na shekarun 1970 da 1980, kusan dukkansu da PHONO suka zo, don a lokacin faifai ne sarki. Ana samun su 'yan Kwatano a Sabon Garin Kano da kasuwar Alaba ta Legas, amma kafin ka biya kuɗin mota, leƙa rumfar masu gyaran rediyo a nan Gusau. Can ƙarƙashin tebur, bayan tulin talabijin masu ƙeya, sau da yawa akwai wata mai fuskar azurfa da mai ita ya kawo gyara tun zamanin tsohuwar jihar Sakkwato bai dawo ba. Ɗaga ta ka ji. In ta yi nauyi, taransifomar cikinta ce, alama ce mai kyau. Ka zo da faifanka da na'urarka, kada ka yarda a gwada maka da waya. Kunna, ka saurara: da yawansu bayan 'yan daƙiƙu za ka ji ƙas, wato makarin da ke kare sifika ya buɗe. Murɗa ƙara a hankali. In ta yi ƙarar-ƙarar, yawanci ƙurar hunturu ce ta shiga, mai gyara zai fesa mata magani ta washe. Karkata sautin hagu, karkata dama, ka tabbata kowane gefe na magana. Sannan ka ja benci ka zauna, a kawo shayi, a bar ta tana aiki rabin awa. In gefe ɗaya ya ɗauke, ko gurnani ya taso ko da an rage ƙara, ko ka ji ƙaurin da ba na dalmar mai gyara ba, kafasitocinta sun bushe ko wani abu na ƙuna. Ana gyarawa, amma a cire kuɗin gyaran daga ciniki tun a wurin.

Wani abu kuma da ke kashe kaya tun daren farko: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Karanta bayan akwatin kafin ka cusa a soket. Wasu suna da makunnin sauya bolt, wasu sai da taransifoma mai saukarwa. Na'urar juya faifai ma tana da nata tarkon. Wutar Amurka bugu sittin take yi a daƙiƙa, tamu hamsin, kuma akwai tsofaffin injina da ke ɗaukar saurinsu daga wannan bugun. Ka sauke bolt daidai, amma faifan ya riƙa juyawa da ragin kashi ɗaya cikin shida. Sai ka ji Shata na jan murya, mai gida ya ce ai tsufa ne.

"To wutar ma ina take?" Wannan tambayar ta fi duk sauran ma'ana. In kana kan layin gari, sayi sitabilaiza tare da amfilifayar, rana ɗaya, kada ka ce sai wata ya yi. In sola gare ka, akwai ƙananan amfilifayoyi na zamani da ake kira aji D, ba su fi tafin hannu biyu ba, suna aiki da bolt 12 zuwa 24, ba sa cin wuta, ba sa zafi sosai. Yawancinsu ba su da PHONO, sai ka haɗa da ɗan akwatin nan da na ambata. Ba su da kwarjinin Sansui a kan kabad, amma batir ɗinka zai kai ka asuba.

Kada dai amfilifaya ta cinye kuɗin duka. Sifika da allura su suka fi sauya abin da kunne ke ji. Na'urar nan mai siffar jakar hannu, mai sifika a jikinta, da ake tallatawa a intanet da araha, allurarta kan danna faifai da nauyin giram biyar ko fiye, ta kirki kuwa wajen giram biyu take. Faifan da ya tsira shekara hamsin a adaka bai cancanci haka ba. In ka tarar da masu nauyin nan masu saurin fashewa, masu juyi 78 a minti, allurarsu daban ce, mai kauri. A jera faifai a tsaye, nesa da taga da rufin kwano, don zafin Afrilu na Gusau lanƙwasa shi yake yi, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. Tsatsatsar nan kuma da wasu ke cewa ita ce daɗin garmaho, mafi yawanta datti ne. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu da ƙyalle mai laushi, a bi layi a zagaye, kada a jiƙa takardar tsakiya.

In allura ta fara tsalle, a duba datti, a duba ko teburin ya karkace, a sauke sifika daga kan teburin da na'urar take. Kawu, na ga kana laluben aljihu. Na san dabarar: a ɗora kwabo a kan hannun allura don ta nutsu, haka kuka yi a zamaninku, haka kuma kuka nome rabin faifan gidan. Sa'ar wanda ya rage ita ce yau ko an zazzage Bunguɗu kaf, da wuya a fito da kwabo ɗaya.