Nasiha ga Mai Son Tsufar da Sabuwar Mota

Ka sani, ya kai ɗalibin wannan fanni, Allah ya yi maka muwafaƙa, cewa a yayin da masu mota a ko'ina cikin duniya suke ƙarar da dukiyarsu wajen yaƙi da tsatsa, akwai wata jama'a ma'abuta haƙuri, daga Japan har Ingila da Amurka, waɗanda kan sayi 'yar motar roba sabuwa ful a kwali, ƙirar Tamiya ko Revell bisa ma'aunin 1:24, su harhaɗa ta gaɓa-gaɓa, sa'an nan su yi ta hana idonsu barci domin ta fito tamkar ta shekara talatin a yashe. Tun da yake roba ba ta tsatsa ko da ta dawwama cikin ruwa, wajibi ne ka samar da tsufan da hannunka, kuma lamarin yana da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne ilmi kafin aiki, domin kowace tsatsa tana da sababi. Ka fara yanke wa motarka ƙasar da ta tsufa: idan a arewacin Turai ne ko Amurka, inda akan zuba gishiri a kan titi lokacin dusar ƙanƙara, to, daga ƙasa ciwon zai ci ta, wato madigadi da gindin ƙofofi, idan kuwa a Agadas ne, inda ruwa ya yi ƙaranci rana ta yi yawa, to, rufi da bonet za su koɗe, ƙura ta cika kowane lungu. Ka tafi Panteka a Kaduna, ka tsuguna gaban tsohuwar Peugeot 504, ka dubi inda ruwa yake kwanciya a ƙarƙashin robar gilashi da bakin marfin but, in bakanike ya ce maka, "Alhaji, saye za a yi?" ka amsa masa da ladabi cewa karatu ka zo ɗauka. Kuma ka kiyayi ɗora tsatsa a kan abin da ba baƙin ƙarfe ba ne, gama fatar jikin tsohuwar Land Rover alminiyom ce, ta Corvette kuwa zaren gilashi ne, wanda duk ya shafa musu ja ya yi musu ƙazafi.

Sharaɗi na biyu shi ne tsarki. Ka wanke sassan da sabulu da ruwan ɗumi domin maiƙon masana'anta ya fita, ka fesa fentin share fage, sa'an nan ka bi shi da launin ƙasa-ƙasa mai duhu, ka ɗauki ɗan guntun soso ka daddangwala ja da ruwan goro nan da can, saboda tsatsa ta haƙiƙa ba ta taɓa zama launi guda. Ka nisanci tina mai zafi, domin narkar da roba take yi, kuma ka bar aikin ya kwana ya bushe.

Sharaɗi na uku shi ne gishiri, wanda ba ya halatta a ɗebo shi daga madafa sai da izinin uwargida, kuma an so a yi mata cikakken bayani, don kada ta ga magidanci yana barbaɗa wa mota gishiri da tsakar dare ta aika a kira 'yan'uwansa. Ka jiƙa rufi da bonet da ɗanyen buroshi, ka barbaɗa mai gari da mai tsakuwa yadda mai tsire yake barbaɗa yaji, wani wuri da yawa wani wuri kaɗan. Idan ya bushe ya kama, sai ka fesa launin motar na asali, wanda ka sirka da ɗan fari, sama-sama daga nisan taƙi guda. Bayan wannan ma ya bushe, ka kankare gishirin da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, kuma a nan ne za ka ga abin mamaki: fenti ya ɓamɓare, tsatsa tana leƙowa daga ƙarƙashinsa, gefenta a cinye ba bisa tsari ba.

Sharaɗi na huɗu shi ne bin sunnar ruwa, wadda ita ce gangarowa. Ka ɗiga fentin mai da tsinin tsinke a ƙarƙashin marikin ƙofa da bakin tankin fetur, ka ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan laima har ya zama zirin hawaye. Ka kankaro garin alli mai launin jar ƙasa ka shafa a tayoyi, ka manna takarda mai siffar baka a gilashin gaba kafin ka yi masa ƙura domin sawun waifa ya fito, daga bisani ka rufe bodin da fenti garai-garai marar sheƙi.

Amma abin da yake ɓata wannan aiki shi ne israfi, domin motar da tsatsa ta rufe ta ko'ina ba ta ba da labarin kome, alhali wadda aka bar mata ragowar kyaunta tana sa mai kallo ya tuna ƙuruciyarta. Saboda haka, duk sa'ad da zuciya ta ce maka ƙara kaɗan, ajiye buroshi. Sa'an nan ka adana ta cikin akwatin gilashi, gudun kada wani yaro mai neman albarka ya wanke maka ita tas da soso. Alamar karɓuwar aiki kuwa ita ce ka nuna wa mai gyaran bodi, ya jujjuya ta, ya girgiza kai, ya ce gaskiya sai an sauya madigadin baya, har ya soma yi maka lissafin kuɗin aiki. Ranar nan ka zama malami, kana iya ba wasu karatu.