Wi-Fi a Cikin Badala

Kwamfutocin tebur da yawa ba sa zuwa da Wi-Fi. Maganin ɗan mitsitsin abu ne. A saya a Farm Centre, a soka a ramin USB, shi ke nan an rabu da igiya.

Haka mai shago ya ce. Da alama bai taɓa kwana a Yakasai ba.

Tun zamanin Sarki Gijimasu maginan Kano ke tare mahara, kuma har yau ba su sassauta hannu ba. Katangar tubali ba ta san sigina ba, balle ta ba shi hanya. Sai aka rataye wayar salula mai ba da Wi-Fi ɗin a tsakar gida tana shan iska, aka ja wa ɗan mitsitsin nan igiyar USB mai mita 5 zuwa bakin ƙofa.

Yanzu akuya ce ke kashe intanet.