Ranar da Na Auna Kunnuwan Matameye

Masana sun ce kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti tun daga wanda ke kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa sau 20,000. Yawancin mutane har su koma ga Allah ba su taɓa jin su duka a jere ba. Mutanen unguwarmu a Matameye sun ji, Asabar ɗin nan da ta wuce bayan la'asar, a ƙofar gidan bikin ƙanena, kuma ta hannuna suka ji.

Da aka zo maganar kiɗa, dangi suka ce a kira yaron da ke yi wa kowa, mai bafil huɗu da ampili da wata tsohuwar kart memuwar da ta zaga kowane biki daga nan har Tsauni. Na ce a biya shi jika biyar ɗinsa a ɗauko kayan, amma shi ya samu wuri ya sha lemo. Ina da odinata. Ina da ƴar makirufo ta awo da wani direba ya taho mini da ita daga Kano, ta Daura da Ɗan Barto. Waƙa kuwa, zamanin tara ta a kati ya wuce: Boomplay ta shigo aljihun mutane tare da wayoyin Tecno tun 2015, ga Audiomack, Spotify ma ta buɗe wa Nijar ƙofa a 2021. Wadda na yi aiki da ita ran nan ba zan faɗi sunanta ba, haka ma manhajar daidaita sautin, don har yanzu ban yanke wace ce a cikinsu ta fi cin amanata ba.

Aikin manhajar daidaitawa abin sha'awa ne ga wanda ya gane shi. Kowane ɗaki yana yi wa sauti ƙarya. Bango ya dawo da wani, kwanon rufi ya kumbura wani, katifa ta haɗiye wani. Sai manhajar ta saki wata doguwar ƙara ta gwaji, daga can ƙasa har can sama, makirufo ta saurara, a gano inda ɗakin ya yi ƙari da inda ya yi ragi, a gyara. Daga nan sai ta kafa kanta tsakanin waƙa da lasifika, komai sai ya bi ta hannunta. Kuma don kada wuraren da ta ɗaga su fashe, takan rage ƙarar gaba ɗaya. Mai karatu, riƙe mini wannan, zan zo karɓa. Na yi awona daren Juma'a a ɗakina, ƙasa-ƙasa don yara sun yi barci. Wani zai ce ai bikin a fili za a yi, ƙarƙashin rumfa, inda babu bango balle kusurwa. Masu faɗin haka duk sai ranar Lahadi suka samu baki.

Matan cikin gida ne suka fara aikowa a sa musu Barmani Coge. Na sa. Hajiya Barmani, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013 da tsufanta, amma abin da ya fito daga bafil muryar ƴar lakwal ce da ta makara tana sauri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin waƙoƙin da ke intanet an yanka su gunduwa 44,100 a kowace daƙiƙa, gadon faifan CD da ya fito a 1982, manhajata kuwa ta kafe a kan 48,000, lissafin masu fim. In aka zuba na farko a ma'aunin na biyu ba a juya ba, waƙa takan ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance. Wata gwaggo ta leƙo daga zaure ta ce, "Wace yarinya ce wannan ke kwaikwayon Hajiya? A cire ta, ba ta iya ba."

Na shiga ciki don in sasanta su. Ita manhajar waƙa tana da wani zaɓi da ke ba ta lasifika ita kaɗai, kada kowa ya taɓa, na kunna mata. Ita kuma ta daidaitawa ta riga ta zauna a bakin ƙofar ta ce ba mai wucewa sai ta wurinta. Suka zama kamar kishiyoyi biyu da ranar girki ta haɗe musu, kowace ta riƙe kunnen tukunya, maigida na zaune da yunwa. Sauti ya ɗauke ɗif. Allo na nuna waƙa na tafiya, bafil shiru. Na murɗa ampili kaɗan, shiru. Na ƙara, shiru. Na kai inda yaron mai kayan ya manna jan salatif don kada kowa ya wuce nan, na wuce.

A nan ne Kawu ya jawo kujerarsa. Yayan mahaifiyata ne, ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Damagaram da Kano, kuma yana da rediyon da ta girme ni, wadda har gobe da ita yake kama BBC da Muryar Sahel. A wurinsa duk abin da ke magana in ba mutum ba ne, rediyo ne.

"Ɗana, hura shi."

"Kawu, ba ƙura ba ce. Manhajoji ne guda biyu suka..."

"Su ma hurawa suke so. Ina ramin yake?"

Na nuna masa inda waya ke shiga don ya ƙyale ni. Ya duƙa ya hura, fuu, har da ɗan garin goro. Ya kasa kunne. Ya ce, "To, kai ne ya yi datti. A samo Bintu Sudan da auduga." Na ce masa odinata ba ta da kai irin na rediyon kaset. Ya daɗe yana kallona da tausayi, sannan ya ce, "Abin da ba shi da kai, da me zai yi waƙa?" Ya juya wajen mai rake da ya kafa baronsa a gefen rumfa. "Ka ji fa, sun sayar masa da marar kai." Mai rake ya ce shi a ganinsa reso ne, tun safe reso ya gudu Najeriya, a ba wani dogon yaro abin ya hau katanga da shi. Kawu ya yarda da rabin maganar. A hau katanga, amma a fara cire batir a shanya a rana, in ya yi ɗumi a ɗan cije shi a mayar. Ya ce da wannan dabarar ya kwana yana jin Shata a Takieta ranar da motarsa ta mutu, da batir ɗin da kowa ya ce ya gama yayi. Na ce batirin odinata a like yake a ciki. Ya ce to a shanya ta duka.

Gaskiya da za a bar ni da zaɓina, da na rufe allon na zauna ina jin Kawu har magariba. Mutumin da ke da maganin kowace cuta kafin a faɗa masa sunanta, zama da shi akwai kwanciyar hankali.

Sai ga motar dangin amarya daga Kantche. Mata suka fara saukowa cikin anko, guɗa ta tashi daga zaure, maroƙi, wanda bai taɓa neman bafil ba a rayuwarsa, ya kwarara murya: "A ba su kiɗa! Manya sun iso, a ba su kiɗa!" Duk idon da ke ƙarƙashin rumfar nan ya juyo kaina. A daidai lokacin wani ɗan akwati ya fito a allo da rubutun Ingilishi. Ni lakwal ɗin Faransanci na yi. Maɓalli biyu ne, ƙarami mai ruwan toka da babba kore, kuma duk mai hankali a duniyar nan kore zai danna. Daga baya wani ɗalibina da ya yi zama a Katsina ya karanta mini. Cewa ta yi ta ga an taɓa na'ura, ko ta sake awo yanzu? In kuwa za ta yi awo, takan ƙwace lasifikar, ta janye gyaranta duka, har da ragin ƙarar nan da na ba ka ajiya. Kawo shi, ga ampili can bayan jan salatif yana jira.

Da farko ba a ji komai ba. Fatar bafil biyun hagu ce kawai ta fara shiga tana fita, ana gani da ido. Sai na ji abin a cikina kafin kunnena. Kofunan shayin abokan ango suka fara tafiya a kan faranti ba mai tura su. Kwanon rufin zaure ya amsa. Wata tsohuwa daga Kantche, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, ta janye ta ƙasan ta koma ciki. Gurnani ya hau ya zama kuka, kuka ya zama ihu, da ya kai tsakanin 2,000 da 5,000, inda kunnen mutum ya fi kamawa, inda Allah ya ajiye kukan jarirai don kada uwa ta yi barci, guɗa ta yanke a tsakiya. Na ga bakin maroƙi a buɗe, jijiyar wuyansa a tashe, ba a jin ko harafi. Zabin maƙwabta suka watse bisa katanga. Jakin mai ruwa ya ja amalankensa ya nufi hanyar kasuwa, jarkoki na zubowa ɗaya-ɗaya. Mai rake, mai ilimin reso, ya bar baro da wuƙa. Na kai hannu in rage ampili, maɓallin ya fito ya biyo hannuna.

Sai ƙarar ta sirance, ta hau, ta ɓace. Manya suka sauke hannu daga kunne suna salati. Yara da karnuka kuwa suka ci gaba da kururuwa, don su har yanzu suna jin saman da kunnen babba ya daɗe da sallamawa. Kawu, wanda bai ko motsa ba, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka gani? Hurawar ce ta fara aiki."

Shirun da ya biyo baya shi ne abin da ke hana ni barci. Bai kai numfashi biyar ba, amma a cikinsa ne uwar amarya, mayafinta a kafaɗa ɗaya, takalminta ɗaya a hannu, ta nuna ni ta tambayi ta kusa da ita, a hankali, yadda kowa ya ji: "Wannan shi ne Mushen da aka ce shi ne mai ilimin gidan?" Kafin a ba ta amsa fatar bafil biyun dama ta fara shiga tana fita. Hagu kawai manhajar ta auna.

Na san duk wannan dalla-dalla don wata ƴar dangin amarya tana ɗaukar isowarsu da salula, kuma ba ta fasa ba. Kafin isha'i hoton ya shiga WhatsApp, kafin safiya ya dawo mini daga Damagaram ta hannun wanda bai san ni ne a ciki ba, ya rubuta, "Kalli wannan." Na kalla. Zagaye na farko ba a ganin laifin kowa, tsoro ne ya zo ba sallama. Na biyun ne ke da ciwo, don yanzu kowa ya san abin da ke tafe. Ana ganin mata suna tattara yara cikin natsuwa. Ana ganin wani dattijo ya cire hularsa ya raba ta tsakanin kunnuwa biyu ya ga ba ta isa ba. Ana ganin ango yana kallona, leɓensa na motsi, kuma na mayar da wurin baya har na karanta abin da yake faɗi, ba zan rubuta shi a nan ba don ƙanena ne. Ni kuma ga ni a tsakiya cikin sabuwar shadda, maɓallin ampili a hannun dama, hannun hagu na danna kowane harafi a kan odinata, har da waɗanda ban taɓa sanin aikinsu ba. A gefen hoton Kawu ya duƙo yana ƙara hurawa.

Yaron mai kayan ne ya ajiye lemonsa, ya tako ba gaggawa, ya zare wayata daga bayan ampili. Ya karɓi maɓallin daga hannuna ya mayar, ya dawo da shi ƙasan salatif, bai ce mini uffan ba, wanda ya fi zagi. Ya ciro kart memuwar daga aljihu zai sa, Kawu ya ce, "Tsaya, kawo nan." Ya hura ta gaba da baya, ya goge a hannun rigarsa, ya miƙa. Yaron ya sa. Barmani ta fito da cikakkiyar muryarta, ƙwarya na amsawa, mata suka dawo fili, aka fara liƙi.

Na yi ƙoƙarin bayyana wa abokan ango maganar 44,100 da 48,000, ɗayansu ya tambaye ni ko kuɗin gyaran ampilin ke nan. Labarin da ya zauna a gari shi ne na'urar Mushe ta haukace, Kawu ya hura mata ta warke. Akwai biki a Dungu Asabar mai zuwa, sun aiko takanas a zo musu da Kawu. Ni an ce in na samu dama in taya su jera kujeru.