Gidan Da Ba Kowa Ya Fi Tsada

A Amurka, idan mutum zai sayar da gidansa, aikin farko shi ne ya ɓoye duk wata shaidar cewa ya taɓa zama a ciki. Sana'a ce guda, da ƙwararrunta. Za su zo su sauke hotunan iyali daga bango, su kwashe takalman yara, su shafe ɗakuna da fenti fari ko ruwan toka. Kujerun da maigida ya shekara ashirin yana gyangyaɗi a kansu a kai su ajiya, a kawo na haya. A teburin kicin kuwa a girke kwano cike da lemon tsami, wanda ba mai matsawa. Wasu har biskit suke gasawa kafin masu dubawa su iso, don gida ya yi ƙamshin mutanen da aka kora.

Wani zai ce ai wannan yaudara ce. Haba! Amarya ma sai an yi mata lalle, kuma ba a taɓa kai mai lalle gaban alƙali ba. Wani kuma zai ce mai saye ba yaro ba ne, rufi da famfo zai duba. To, ya duba mana, idan ya gama kallon lemon. Dillalanmu sun daɗe da wannan ilimi: fenti da rani, ciniki kafin damina. Bambancin kawai, su ba sa hayar kujera. Yanzu ma Amurkawan sun rage wa kansu wahala, kwamfuta ce ke zuba kujerun a cikin hoto. Mai saye, ranar da za ka je dubawa, tafi da tabarmarka.