Ranar Rabon Kuɗin Wuta a Gidanmu

Duk mai son ganin talauci ƙuru-ƙuru, ya zo gidan hayarmu na Kakuri ranar rabon kuɗin wuta. Ɗaki goma sha ɗaya, mita ɗaya, kuma a ranar kowa zai rantse cewa abin da ya mallaka a duniya bai wuce ƙwan fitila da cajar waya ba. Wanda jiya-jiya ka taya shi sauke firji daga a-kori-kura, yau sai ya dube ka ido cikin ido ya ce ai kabad ne, kwanuka ake jerawa a ciki.

Baba mai gida ke jagorantar zama. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya ga zamanin da KTL, wadda aka buɗe a 1957, da su Arewa Textiles ke cika titunan Kakuri da ma'aikata a kan kekuna. Daga can ya gaji biro a kunne da ƙaton littafin rajista. Tsarinsa kuwa “poyin” ne: ƙwai ɗaya, fanka ɗaya, talabijin biyu, firji uku. Hita da dutsen guga ba sa cikin littafi, domin a hukumance babu su a gidan. Sai dai duk Juma'a da duk Lahadi, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci suna fita da kaya masu kari kamar bakin wuƙa. Ban taɓa ganin inda addinai biyu suka rufa wa juna asiri irin na maganar dutsen guga ba.

Rigimar wannan watan a kan ƙwan banɗaki ce. Maman Biyu da amaryar ɗakin tsakiya sun daina gaisawa tun azumi, kowacce na cewa ɗayar ce ke barinsa a kunne. Ana cikin nuna wa juna yatsa, sai malamin lissafin da ke ɗakin ƙarshe, wanda bai daɗe da tarewa ba balle ya san al'adar gida, ya ɗaga hannu.

“Baba, Allah Ya ƙara girma, a ba ni minti biyu.”

“Bismillah, Malam.”

Ya ce kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa a jikinsa, shi ne wat. Ka ninka shi da awannin da ya yi a kunne, ka raba da dubu, yunit ɗin da mita ke ci ke nan. Ƙwan banɗaki wat 10 ne. Ko dare da rana aka bar shi, wata guda cur, yunit 7.2 zai sha. Ko da farashin rukunin A aka yi lissafi, wato naira 225 da hukumar NERC ta sanar a Afrilun 2024, naira 1,620 ke nan. A raba wa ɗaki goma sha ɗaya, kowa bai kai naira 150 ba. Ashe a kan kuɗin da bai kai na ƙullin gyaɗa biyu ba aka yanke zumunci.

Da ya tsaya nan da mun tafa masa. Sai ya zarce. Fanka mai wat 75, awa goma kullum, yunit 22.5 a wata. Dutsen guga mai wat 1,000, yunit guda a awa ɗaya. Hita mai wat 1,500 kuwa, cikin minti arba'in ta lashe yunit, wato abin da ƙwan banɗaki zai ci a wata, ita a awa biyar ta wuce shi.

Tsakar gida ta yi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.

Mu dai mutanen kirki ne, in an taɓo hita sai kishin ƙasa ya motsa mana. Nan take Oga direba ya tambaya ina labarin tashar wuta ta Kudenda, mai megawat 215, da aka ba da kwangilarta tun 2009. Wani ya kawo zancen Shiroro. Tela ya tuna mana cewa NEPA ta koma PHCN a 2005, an sayar wa 'yan kasuwa a 2013, amma har gobe yara NEPA suke kira in an kawo wuta. Wata ta ce 'yar uwarta a Barnawa da ke yi mana gorin layinsu ba a ɗaukewa, tun da ta ji alkawarin wutar awa ashirin na rukunin A yana tafe da kuɗinsa, ta daina zancen. Cikin rabin awa mun gyara harkar lantarkin Najeriya kaf, babu wanda ya sake ambaton hita.

Ni ma na tofa albarkacin bakina. Na miƙe na gyara hula, na ce gaskiya a ji tsoron Allah, haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne, duk mai hita ya fito ya faɗa. Baba ya gyaɗa kai, har ya ce ina ma kowa irina ne.

Daidai lokacin aka kawo wuta. Kafin yara su gama ihu tabarma ta watse, masu ƙwai ɗaya da cajar waya suna ta gudu ɗaki kamar an ce gobara. Jar fitilar mita ta shiga ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa. Muka rage ni da Baba da Malam, ina girgiza kai ina jimamin halin mutanen yanzu.

Sai ga autata ta leƙo daga labule, da muryar nan tata da ake ji har bakin titi:

“Abba, Umma ta ce a ina ka ɓoye hitar? Ta duba cikin buhun masara ba ta gani ba.”

Baba ya zaro biro daga kunne.