Ma'aikatan Tashar Lungu

Da an girbe dawa, kara ya zube a gona, sai kamfanonin ƙera motoci su buɗe a kowane lungu. A Kaduna a 1975 aka fara harhaɗa motocin Fijo, amma sai an yo musu odar kaya daga Faransa. Mu kuwa sillen kara da ƙaya da tsohon silifas sun wadatar.

Uban tafiya shi ne Injiniya, mai reza a aljihu, yatsu duk yanka. Ya fere ɓawon kara, ya soka a totuwa, ya ta da bodi, ya yanko tayoyi daga silifas ɗin da uwarsa take ta cigiya tun jiya. In ya samu langa-langa da gwangwanin madara, to ranar gingimari za a yi, har da ƙofa mai buɗewa. Aibinsa ɗaya: motarsa ba ta taɓa hawa titi. Kullum "saura kaɗan". Ranar da ya gama kuma ranar zai warware ta, wai sitiyari ya karkace.

Shi kuwa Direba bai damu da kyan mota ba, tunda injin a bakinsa yake. Sai ya murɗa makullin da babu, motar ta ƙi tashi sau biyu, a na uku ta kama, sannan ya shiga canza giya da maƙogwaro, yawu na feshi. A aike shi sayen daddawa, sai ya yi ribas, ya ba da hannu, ya tsaya shan mai a bakin rijiya. Miya ta jira. In Inna ta ƙwala masa kira daga tsakar gida, amsarsa ita ce, "Bari in yi fakin!" Ya sha rankwashi a kan wannan fakin ɗin, bai daddara ba.

Kamasho ko taya ɗaya ba shi da ita, amma ya fi kowa samu. Yana gindin darbejiya yana rangaɗa "Zariya-Kaduna, saura mutum ɗaya!" Fasinjojin duwatsu ne da ƙwallon goruba, sai ranar da 'yan mata suka ba da hayar kai 'yar tsanarsu ɗakin miji. La'ada ƙuli-ƙuli ce, ba a bashi.

Wanda ya fi shi wayo shi ne Ɗan Sanda, galibi yaron da ya fi kowa ƙwanji. Igiya kawai ya gitta a bakin lungu ya zama hukuma. "Ina takardu?" Ka miƙa ganyen mangwaro, ya juya shi, ya ce ya daina aiki. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, amma a shingensa duk hannun da ka bi ka saɓa doka, har sai ka gutsura masa rakenka. Ban san wa ya koya masa ba. To, na sani. Duk wanda ya taɓa bin babansa tafiya a mota ya sani.

Sai Ɗan Alhaji, mai motar kanti, tsarabar Makka: ja, mai batir, mai fitila da jiniya, in ta daki bango ta juyo da kanta. "A kalla da ido," in ji shi. Ranar nan motocin kara duk suka zama abin kunya. Amma mulkinsa iyakarsa ƙarfin batir. Da ya mutu a shanya shi a rana, a ɗan ciccije shi, motar ta yi nishi ta sake tsayawa. Nan Injiniya zai matso da ƙusa, wai zai duba ciki kawai. Kafin sati an ɗaura mata zare ana ja, tana bin layi a wajen Kamasho.

Hatsari kuwa iri biyu ne. Ko ƙaninka mai rarrafe ya zauna a kan tirelar da ka yini kana haɗawa, kuma a ce kada ka taɓa shi, yaro ne. Ko ka dawo daga makarantar allo ka tarar babu motar a bayan randa, tuwo kuma ya nuna da wuri. Inna ba za ta musa ba, cewa za ta yi icen ne ya jiƙe.