Bakatsine, Gulbi Na Kiran Ka

Malam Bakatsine, sannu da dawowa daga Turai. Mun ga hotunan da ka yi ta watso mana tun da aka tura ka kwas ƙasar Jamus. Ga ka nan a jirgin ruwa bisa kogin Rayin, ka ƙudundune cikin rigar sanyi, hannu bibbiyu ka damƙe ƙarfen jirgi, kana wani murmushi da ko yaro ya san na tsoro ne. Ka ce daga Bingen zuwa Koblenz aka kai ku, tafiyar wajen kilomita 65, gonakin inabi sun hau duwatsu dama da hauni, tsofaffin gidajen sarakuna a kan tuddai, har UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya tun 2002. Duk na yarda. Abin da ka ɓoye mana shi ne me ka ci. To ni na sani. Kasuwar wurin nan giyar inabi ce, kai kuwa, Alhamdu lillahi, ba ka sha. Naman nasu kana shakkar yankansa. Saboda haka ka biya kuɗin jirgi, ka biya na kujera, ka zauna gaban burodi da dankali da ruwan gora, kana kallon Turawa suna gwara kofuna. Wannan shi ne yawon shaƙatawar da ka hana mu barci a kansa.

Ban ga laifinka ba, rashin sabo ne. Wanda ya tashi a birnin Katsina ina ya san gulbi? In an ce ruwa, sai ku nuna madatsar Ajiwa ko ta Zobe, su ma gina muku aka yi. In an matsa muku ku ce rijiyar Kusugu, ita kuma ta Daurawa ce, kuma sai da baƙo ya zo ya kashe musu macijin kafin su sami ɗiban ruwa kullum.

Don haka ga gayyata. Ka zo Sanyinna ka kwana, in ɗauke ka yini guda. Ka bari sai an gama kaka, hunturu ya shigo, tsakanin Disamba da Fabrairu. Kada ka kuskura ka zo a Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, don ba ni da bakin yi wa iyalinka bayani.

Da asuba za a ba ka hoce mai zafi da miyar sure, a bi maka da fura. Ba irin tsinkakkiyar nan da kuke kaɗawa da injin ba, a'a, wadda aka dama da ludayi cikin ƙwarya, nonon na shanun gudali, ka sha ka ji ƙafafunka sun taka ƙasa. Daga nan sai Argungu, maƙwabtanmu ne, hantsi ba zai dube mu a hanya ba.

Za mu fara da gidan tarihi na Kanta, don ka san gaban wa kake tsaye. Ginin tun na 1831 ne, shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura da layun yaƙi, kuma a nan ake rufe sarakunan Kabi. Ka cire takalmi, ka rage surutu. Muhammadu Kanta shi ne wanda ya ƙi biyayya ga Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16, ya kafa daularsa, ya gina Surame, ya kara da Barno. Masu tarihi na cewa a hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Barno ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa. Ka ji aikin naku: mutum ya gama da manyan dauloli, ya ratso ta gidanku a gajiye, maimakon ruwan sha sai kibiya. Har yau ba mu ga wanda ya zo ba da haƙuri ba.

Sai Matan Fada. A nan nake son in ga idonka. Wurin da ake kamun kifin gasa ke nan, kuma a sauran shekara ba a taɓa shi, Sarkin Ruwa da mutanensa na tsaron sa don kifi ya ƙosa. Bikin kamun kifin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Ranar gasa dubban masunta ke jeruwa a bakin gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa, ana buga bindiga su rufta ruwa gaba ɗaya, cikin kamar awa guda a fito da abin da Allah ya ba kowa. Giwan ruwan da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, wato ya fi ka nauyi ko da ka sa babbar riga da rawani. Kafin nan akwai kabanci: tseren jirage, nutso, kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa. Tunda UNESCO ce malamarka, to ita ma ta sa bikin nan cikin al'adun duniya a 2016, sai ka nemi wata hujjar.

Ko ba ranar biki ba ce gulbi na nan. Zan yi magana da wani Basarke ya sa mu a kwalekwale. Babu ƙarfen riƙewa, babu kujera, gora kawai zan rungumo maka. Ka zauna tsakiya, kada ka miƙe don ɗaukar hoto. Za ka ga fadama shimfiɗe da shinkafa iyakar ganinka, balbelu a bayan shanu, masu mamari suna duba ƙugiyoyinsu, yara ƙanana suna iyo a inda kai za ka fara kalmar shahada. In ka ga wani kifi mai santsi mai ɗige-ɗige a cikin jirgi, hannunka ya kiyaye shi, minjirya ce, wutarta ba a ɗauke ta. Akwai kuma talibamban, ɗan kifin nan da ana taɓa shi sai ya kumbura ya cika da iska, ciki babu komai. Shi kam ku gaisa, tun da ka sauko daga jirgin sama kamarku ɗaya.

Batun shinkafa, kada ka ce cika baki nake yi. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jiharku, da ya tashi ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Nuwamban 2015, Birnin Kabi ya zo, bai tsaya gida ba. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu. Allah ya jiƙan Buhari, shi ya san inda abinci yake.

Da azahar sai ci, kuma a nan ne muka bar Jamus a baya. Wuraren cin namu ba su da allo, ba su da suna, ba a miƙo maka takarda ka zaɓa. Hanci ke kai mutum. Rumfa ce da benci, mata na suyar karfasa da kawara a kasko, a kwaso maka da zafinsa a barbaɗa yaji, ƙayar ma taunewa ake yi. Gefe guda ga masu banda, tarwaɗa ta naɗe ta yi baƙi ƙirin, ita ce tsarabar da za ka kai gida a daina yi maka miya da ƙashi. In an dace da ragon ruwa ko yauni sai a yi romo, a zuba bisa tuwon shinkafar da aka nome a fadamar da ka gani da safe. Wanda ya kamo kifin yana nan zaune, ka tambaye shi inda ya samo, ya yi maka ƙarya, ku yi dariya. Ka tuna yankan da ya hana ka cin nama a Turai? Kifi ba ya bukatar wuƙar kowa. In kuma sai nama, balangun jar akuyar Sakkwato na jiran ka, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Sai dai kada ka yabi kifi a gaban mahauci, tsakaninsu da masunta akwai wasa irin namu da ku.

Kudu kuma wani yinin ne. Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya kafa, da tafkin Romo, da Aliero mai albasa da maɗora, ko da ka zame a gaɓa ka karye, da Jega a bakin gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta ƙasar Kebbe. Amma wajen Kebbe ba a shiga sai an tambayi mutanen gari, kuma ba a bari dare ya yi. Wannan kam ba zan yi maka wasa da shi ba, ɓarayin daji sun taɓa mu sun taɓa ku, ciwon ɗaya ne. Abin da ke ba ni haushi a wajen namu shi ne sakaci: bikin Argungu ya yi shekara goma ba a yi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020, ganuwar duwatsun Surame kuwa tana can cikin daji, 'yan makarantarmu da yawa ko sunanta ba su ji ba. Da Jamusawanka ke da ita, da yanzu sai da tikiti.

Na san abin da za ka fito da shi. Za ka ce ai ana faɗin mahaifiyar Kanta 'yar Katsina ce, saboda haka mu Kabawa 'ya'yan mace ne, ku ne iyayengiji. To madalla. Ai ubangida shi ke ba da kuɗin shara in watan cika-ciki ya kama, kai kuwa ban taɓa ganin ko sisinka ba. Sai ka zaɓa tun kafin ka hau mota. In ka yarda kai bawana ne, ci da sha da kuɗin kwalekwale duk a wuyana, ka riƙe mini takalmi kawai in za mu shiga ruwa. In kuwa ka nace kai ne ubangida, ka taho da kuɗin shara na bara da na bana, ka biya mai suya, ka biya Basarke, ka sallami direba.